Ruwan da Ba a Tatse Ba

Shekarar da ruwan Kainji ya hau ya haɗiye gungayen ƙasar Yauri, hukuma ta kwashe mutanen gungun su Sahabi ta zube su a kan wani tudu mai tsakuwa, mil huɗu daga Yelwa. Aka ba su ɗakunan siminti masu rufi kamar an kife kwalekwale, aka haƙa musu rijiya, aka ce su yi godiya. Suka yi godiyar, suka sa wa wurin suna Sabon Gungu, ko da yake ruwa bai kewaye shi ta ko'ina ba. Ban da iyali da tsohuwarsa Inna Dudu, abu biyu Sahabi ya hau tudun nan da su: ciwon bayan da ban ruwan albasa na shekara ashirin ya bar masa, da akwatin rediyo mai batir wanda ya saya da albasarsa ta ƙarshe.

Rediyon nan shi ya mai da Sahabi mutum. A da ko rabon goro ake yi sai an gama a tuna da shi. Yanzu kuwa yana zaune a rumfar ƙofar gidansa yana ɗinkin tarun masunta, don bayan ba ya barinsa noma tsakuwa, maza kuma suna taruwa su ji labarin yaƙin basasa. Amma taron gaske sai ranar Juma'a bayan la'asar, lokacin da wata tasha daga can birni take sako Zauren Garau.

Malam Bappa Garau, mai shirin, ba wanda ya taɓa ganinsa a Sabon Gungu. Murya ce kawai, mai santsi kamar an shafe ta da man shanu. Bai taɓa cewa shi likita ne ba, bai kuma taɓa cewa ba shi ba ne. Yakan karanta wasiƙun masu sauraro, ya ba kowa maganin abin da ke damunsa, ya rufe da cewa, "Ka warke garau!" Mutumin yana da wata baiwa: in ya jera maka tambaya uku waɗanda amsarsu i ce, ta huɗun ma sai ka ji bakinka ya ce i kafin kanka ya iso wurin.

Wata Juma'a ya juyo kan mutanen bakin tafki.

"Jama'a, me ke haska manyan birane yau? Wutar lantarki. Daga ina ake ciro ta? Daga ruwan Kainji. Ana ciro abin da babu? Ba a ciro shi. To ashe ruwan nan cike yake da wuta! Waɗanda ke ƙasa da dam, Allah sarki, tsala suke sha, an riga an kaɗe man. Amma ku mutanen Yauri da Ngaski da Shanga, ruwanku ba a tatse shi ba tukuna. Mai ciwon gaɓɓai, mai kasala, yaron da ba ya ƙiba, ya shiga tafki da hantsi, ya tsaya har ƙugu gwargwadon tafasar tukunya. Ruwan rijiya kuwa mataccen ruwa ne, wa ya taɓa kunna fitila da shi?"

A rumfa Ɗanladi wanzami ya buga cinya. Maganar ta zauna wa kowa daram, kuma ba don wauta ba. Mutanen nan an ci gonakinsu da kaburburan kakanninsu saboda wuta, ga shi ko ƙwan lantarki ɗaya babu a garin. Yau an wayi gari an ce rabonsu na wutar yana nan a ruwa, kyauta. Wa zai ƙi?

Shi Sahabi ba wutar ce ta dame shi ba. Abin da yake so a duniya shi ne ya ji sunansa ya fito daga akwatin nan. Sau biyu yana zuwa wurin mai rubuta wasiƙa a bakin gidan waya na Yelwa, yana aika gaisuwa, sau biyu Garau bai karanta ba. A zuwa na uku mai rubutun ya ajiye alƙalami ya dube shi.

"Malam, gaisuwa ɗai kaka aikawa? Ai ba shi karanta gaisuwa tsura. Sai da shaida. Mi ka damunka?"

"Baya na."

"Ka shiga tafkin?"

"Na wanke ƙafa shekaranjiya."

"To ai ka shiga."

Kafin Sahabi ya gama sosa ƙeya, takarda ta cika. Wai shekara ashirin yana tafiya a duƙe, masu magani sun gaza, ya shiga tafki kwana bakwai ya fito a miƙe. Da aka karanta masa ya ji daɗin labarin ƙwarai, har ya so a ce shi ne. Ya dangwala yatsa.

Juma'a ta biyu sai ga shi. "Daga Sahabi mai rediyo, Sabon Gungu, ƙasar Yauri!" Garau ya karanta wasiƙar sau biyu, ya ƙara wa shekarun biyar daga aljihunsa, ya ce duk mai musu ya tafi Yauri ya gani da idonsa. Rumfa ta kaure. Mutanen da suka ga Sahabi da safiyar ranar yana dafa bango kafin ya tashi, su ne suka fara rantsuwa cewa dama sun lura kwanan nan ya miƙe.

Daga ranar Sahabi ya shiga aikin da ya fi ban ruwan albasa wuya, wato tafiya a miƙe. Kullum da safe yakan shige ɗaki ya naɗe ƙugunsa da wani tsohon zane tamau, ya saki riga a kai, ya fito yana murmushi haƙora a cije. Ranar kasuwar Yelwa mutanen Shanga da Ngaski sukan nuna shi da baki. Wata tsohuwa ta taɓa roƙonsa ya juya ta ga bayan. In an tambaye shi me ya sa ba a ganinsa a tafki yanzu, sai ya ce batir in ya cika ba a ƙara masa. Bakin tafki kuwa da hantsi ya koma kamar ana rabon zakka, tsofaffi da yara tsaye cikin ciyawar ruwa har ƙugu, kowa yana jiran tukunyarsa ta tafasa. Rijiyar hukuma aka bar wa awaki.

Cikin masu tsayuwar nan akwai Rahamatu, 'yar shekara tara, 'yar farin Sahabi. Tun da aka yaye ta aka miƙa ta ga Inna Dudu, kamar yadda aka saba. 'Yar fari ba ta uba ba ce a gaban mutane. Ba ya ɗaukarta, ba ya wasa da ita, ba ya tambayar ko ta ci, sunanta ma ba ya fita daga bakinsa. In dole ta kama sai ya ce "ta wajen Inna". Uwarta Altine ita ma haka. Shekara tara Sahabi yana riƙe da wannan kunya ba tare da ya yi tuntuɓe ba, har ana yabonsa. Amma Allah ya sani, duk cikin 'ya'yansa babu wadda yake so kamarta. In ya sayo ƙuli a kasuwa yakan manta shi da gangan a kan turmin Inna.

Yarinyar dama siririya ce, kuma Garau ya ce yaron da ba ya ƙiba a kai shi tafki. Inna Dudu ba ta wasa da magani. Kowace rana da hantsi takan tasa ta gaba, ta zauna a kan dutse tana tsaronta kada ta fito da wuri.

Bayan wata uku Sahabi ya fara ganin abin da bai kamata idonsa ya gani ba. Yarinyar ta daina tsalle. Leɓɓanta sun yi fari. In ta zaga bayan ɗaki takan daɗe, ta fito tana share hawaye. Wata rana ya bi ta wurin bayan ta tashi, ya ga ƙasa ta yi ja.

Tsargiya, ciwon fitsarin jini, ba baƙuwa ba ce a bakin kogi, an san ta jefi-jefi ga yara maza. Amma bana kusan kowane gida akwai ta, har wani ya rubuta wa Garau. Amsa ta zo ba ɓata lokaci.

"Ƙarfe in ya sha wuta, wane launi yake yi? Ja. Maƙeri yana kuka don ƙarfensa ya yi ja? Murna yake yi. To jan fitsari alama ce wuta ta kama jiki, mugun jini ne ke fita. Kada a tsaya, a ƙara kwana bakwai. Ai kun ji labarin Sahabi na Sabon Gungu!"

Duk rumfa ta juyo tana kallonsa da sha'awa. Sahabi ya gyaɗa kai.

Ranar kasuwa ya saci jiki ya shiga ɗakin magani na Yelwa, wurin Malam Gidaɗo dispensa, wani dogon Bafillace mai gajeren haƙuri. Sahabi ya ce wani abokinsa ne ke da ɗiya, kaza da kaza.

Malam Gidaɗo ya dube shi ta saman tabarau. "Kai ne Sahabin rediyo ko? Kai ka cika min ɗakin nan." Ya jawo wata kwalba mai ƙananan katantanwa a ciki ya dangwarar a kan tebur. Ya ce da kogi yana gudu ba su samun wurin zama sosai, yanzu ruwa ya kwanta, ciyawa ta fito, sun yi gari. Daga jikinsu wata tsutsa ke fita wadda ido ba ya gani, ta huda fata, ta zauna a mafitsara tana zubar da jinin mutum. Kuma da rana ta ɗaga suka fi fitowa. "Ka ce wa abokin naka ya kawo ta. Akwai magani. In ya bari jininta ya ƙare, kada ya zo ya ce min ƙaddara."

Sahabi ya gwada maganar a rumfa, a kaikaice, wai ya ji ana faɗi. Ɗanladi wanzami ya yi dariya har da hawaye. "Tsutsad da ba a gani! Wanga shi na ƙarya ta rainin wayo. Wuta dai kowa ya san akwai ta." Babu wanda ya tuna cewa ita ma wutar ba su taɓa ganinta ba.

Saura Inna. Ya same ta tana tsinkar zogale a tsakar gida, ya durƙusa, abin da ya ɗauke shi lokaci saboda zanen da ke ƙugunsa.

"Inna, ta wajenki... ina ganin a kai ta Yelwa."

Inna Dudu ta ɗago a hankali. "Sahabi, mi ya kai bakinka ga zancen ɗiyag ga? Kunya ta ƙare duniya?"

"Jini take zubarwa, Inna."

"Mugun jini. Da kunnena na ji. Kai da ruwan ga ya miƙe ma baya, kai za ka hana ma wani?"

Ya duba hagu da dama, ba kowa. Ya ɗaga riga ya nuna mata zanen. Ya gaya mata komai, da mai rubutun wasiƙa, da wanke ƙafa, da yadda yake kwana yana juyi. Bai taɓa jin kunya irin ta ranar ba, amma da ya gama sai ya ji kamar an sauke masa buhu.

Inna ta saurare shi har ƙarshe, sannan ta ci gaba da tsinkar zogalenta.

"In ƙarya ta, mi ya sa rediyo ya hwaɗe ta? Mutumen da bai taɓa ganinka ba, mi za shi ci da yi maka ƙarya? Wata huɗu ina kallonka kana tahiya miƙe. Yanzu dispensa ya hure ma kunne, ka zo kana ƙaryata lahiyad da Allah ya ba ka. Tashi ka ba ni wuri, butulu."

Abin da ya kamata Sahabi ya yi a ranar kowa ya sani, shi ma ya sani. Amma mutumin da rediyo ya ɗaure, rediyo yake jira ya kwance shi. Ya koma bakin gidan waya ya sa aka rubuta wasiƙa ta huɗu, ta gaskiya, ya ce bayansa yana nan yadda yake, a taimaka a gaya wa jama'a. Mai rubutun ya rubuta yana girgiza kai, ya ce wannan ba irin wadda ake karantawa ba ce. Juma'a ta zo ta wuce. Ta biyu ta wuce. A ta uku Garau ya karanta wasiƙar wani mutum da ya ce sanƙonsa ya fara tsiro. Duk kwanakin nan Rahamatu tana tafki da hantsi, Sahabi kuwa yana rumfa yana ɗinkin taru, yana jin haushin kansa kamar ya mutu.

Ranar kasuwar da ta biyo, da hantsi, yana zaune sai ya hango su a kan hanyar tafki. Inna a gaba da sandarta, yarinyar a baya tana jan ƙafa. Ta tsaya. Ta dafa gwiwa. Sai ta sulale ƙasa kamar an saki zane daga igiya.

Bai san lokacin da ya isa wurin ba. Mata sun fara taruwa, Inna tana cewa a ɗebo ruwan tafki a yayyafa mata. Sahabi ya ɗaga rigarsa a gaban kowa, ya warware zanen nan daga ƙugunsa, ya durƙusa ya ɗora yarinyar a bayansa ya goya ta da shi, irin goyon mata.

"Sahabi! Ɗiyar fari ta!" in ji Inna, hannu a ka. "Gaban mutane?"

Sahabi ya ƙulle zanen a ƙirji. Ya miƙe, ko kuma a ce ya yi rabin miƙewa, don da zanen ya bar ƙugu sai bayan nasa ya koma gidansa na jiya. Haka ya kama hanyar Yelwa a duƙe.

Mil huɗu ne, kuma ranar kasuwa. Masu jakuna, masu tallan kifi, 'yan Shanga da suka sauka daga jirgi, duk sun gan shi. Yana jin ana cewa, "Ba Sahabin rediyo ba ne?" Wani mai keke ya tsaya zai taimaka, amma yarinyar ba ta iya zama, sai aka bar ta inda take. Kowane taki kamar ana soka masa mashi a ƙugu. Numfashinta yana sauka a wuyansa, ɗumi-ɗumi, kuma abin da ya fi ba shi tsoro shi ne rashin nauyinta. Duk da azabar, wani sashe na zuciyarsa yana murna. Yau dai kowa ya ga bayan nan a karkace, ƙarya ta ƙare.

A ƙofar ɗakin magani aka kwance masa ita. Shi kuwa da ya ce zai miƙe sai ƙafafu suka ƙi, ya kwanta rub da ciki a kan siminti. Malam Gidaɗo ya ja fatar idon yarinyar ya duba, ya yi tsaki, ya buɗe babban littafinsa.

"Sunanta?"

Sahabi ya duba ko akwai wanda zai faɗa. Daga shi sai ita, ita kuma ba ta da ƙarfin magana.

"Malam, ba ni da yini guda. Sunan ɗiyar abokin naka?"

"Ɗiyata ce," in ji Sahabi, kuncinsa a kan siminti. "Rahamatu."

Yarinyar ta buɗe ido ta dube shi daga kan benci. Da ƙyar muryar ta fito. "Ashe ka san shi?"

Sahabi ya juya fuska wajen bango, don bai kamata dispensa ya ga abin da idonsa ke yi ba.

Kwana goma sha biyu suka yi a Yelwa a gidan wani ɗan'uwan Altine. Maganin mai wuya ne, yarinyar ta sha amai da jiri, amma jan ya tsaya, leɓɓan suka fara dawowa. Malam Gidaɗo ya ce in ta sake taka ciyawar tafki shi da Sahabi ne. A kan jaki aka mai da su gida, uban ya fi ɗiyar zama abin tausayi. Inna Dudu ta karɓi jikarta ta rungume tana kuka, ta ce dama kwanakin wutar ne suka cika.

Ranar Juma'a aka shimfiɗa wa Sahabi tabarma a rumfa, don har yanzu ko zama ba ya iyawa. Jama'a sun cika fiye da kullum, Ɗanladi wanzami a gaba, ya sha sabuwar hula yana ta murmushi. Aka kunna rediyo.

"Daga Ɗanladi wanzami, Sabon Gungu, ƙasar Yauri!" in ji Garau. "Jama'a, kun tuna Sahabi, wanda ya yi shekara talatin a duƙe? To Ɗanladi ya gani da idonsa, kasuwa guda ta shaida. Mutumin nan ya goyi yarinya 'yar shekara tara, ya yi mil huɗu da ita bai huta ba! Ina tambaya, mai ciwon baya yana goyo? Ba ya yi. Yana mil huɗu? Ba ya yi. To ina masu musu? Sahabi, ka warke garau!"

Rumfa ta ɗauki kabbara. Mutanen da suka ɗauko shi daga kan jaki kamar buhun gero su ne suka fi kowa tafi. Daga bayan zana Inna Dudu ta ɗaga murya, "To, ka ji da kunnenka ko?"

Sahabi ya miƙa hannu wajen akwatin, hannun bai kai ba. Ya yunƙura, bayansa ya ce ina. Ya dubi mazan nan ɗaya bayan ɗaya, babu wanda zai taɓa rediyo ana cikin Zauren Garau. Sai ya juya kai wajen gida, ya buɗe murya yadda har a bakin tafki za a iya ji.

"Rahamatu! Zo ki kashe min abin ga."

Tafi ya tsaya cak. Wani tsoho ya yi salati. Yarinyar ta fito a hankali tana dafa zana, ta ratsa tsakanin manya, ta tsuguna kusa da kan ubanta ta murɗa maɓallin. Ba ta koma ciki ba, ta zauna a gefen tabarmar.